Resolute Zuwa Grise Fiord: Kilomita 380 Da Jirgin Sama Kaɗai Ke Haɗawa

A can ƙuryar arewacin ƙasar Kanada, cikin yankin da ake kira Nunavut, akwai wasu ƙananan garuruwa biyu waɗanda babu garin farar hula a ƙasar da ya kai su kusanci da ƙarshen arewacin duniya, watau Grise Fiord da Resolute. Bisa ga ƙidayar jama'a ta shekarar 2021, mutane 144 ne ke zaune a Grise Fiord, yayin da Resolute ke da 183. Nisan da ke tsakaninsu ta sama kimanin kilomita 380 ne, kwatankwacin nisan Kano zuwa Sakkwato idan aka miƙe ba tare da ratse ba. Ƙaramin jirgin sama yakan cinye wannan tazara cikin kusan sa'a ɗaya da rabi.

Duk da gajartar tafiyar, wannan hanya tana cikin hanyoyin sufurin sama mafi wuya da tsada a ƙasar Kanada, kuma a kanta ne abinci da magani da wasiƙu da ma'aikatan Grise Fiord suka dogara a mafi yawan watannin shekara. Labarinta yana nuna wani abu da duk mai harkar dakon kaya ya sani, cewa kuɗin da tafiya ke ci bai cika bin yawan kilomitocinta ba. Abin da yake bi shi ne irin hanyar, da yawan lodin da ake samu zuwa da dawowa, da kuma wanda zai biya giɓin da ya rage.

Yadda Ake Auna Nisan

Masu tsara zirga-zirgar jiragen sama suna auna nisa ne ta hanyar bin layi mafi gajarta a kan doron duniya, wadda take mulmulalliya kamar ƙwallo, kuma sukan lissafa shi da mil na teku, wanda kowane ɗaya yake daidai da kilomita 1.852. Wannan ya sa taswirar bango da aka saba gani a makarantu da ofisoshi takan yaudari mai kallo, domin irin zanen da Gerardus Mercator ya fito da shi a shekarar 1569 yana buɗa yankunan da ke kusa da ƙarshen duniya har su ninka girmansu na gaskiya sau da yawa.

Layukan da aka ja a taswira daga arewa zuwa kudu suna ƙara matsowa kusa da juna yayin da aka nufi arewa, har su haɗu wuri ɗaya. A tsakiyar duniya, tazarar digiri ɗaya tsakanin waɗannan layuka ta kai kilomita 111, amma a inda waɗannan garuruwa suke ba ta kai kilomita 30 ba. Kusan digiri 12 ne tsakanin Resolute da Grise Fiord daga yamma zuwa gabas, abin da a wajejen Kano zai kai kilomita 1,300, amma a can bai wuce kilomita 330 ba. Idan aka haɗa da kusan kilomita 190 da Grise Fiord ya ɗara Resolute ta fuskar arewa, sai layin da ya ratsa tsakaninsu ya tashi kimanin kilomita 380.

Har ila yau, allurar kamfas ba abin dogaro ba ce a wannan yanki saboda kusancinsa da cibiyar maganaɗisun duniya ta arewa. Don haka dokokin sufurin sama na Kanada suka tanadi cewa matuƙa jirage a can su riƙa lissafi da arewa ta gaskiya, kuma da ita ake sa wa titunan saukar jirage lamba.

Ta ƙasa kuwa babu hanya ko kaɗan. Resolute yana kan tsibirin Cornwallis, Grise Fiord yana gefen kudu na tsibirin Ellesmere, kuma a tsakaninsu akwai mashigan teku biyu da tsibirin Devon, wanda shi ne tsibiri mafi girma a duniya da babu mazauna a cikinsa. Idan teku ta daskare sosai, mafarauta sukan ƙetare a kan babura masu tafiya bisa ƙanƙara, tafiyar da kan ɗauki kwanaki, wadda kuma ba ta yiwuwa ga majiyyaci ko mai ɗanyen kaya. Haka lamarin yake a duk faɗin Nunavut, yankin da aka ƙirƙiro ranar 1 ga Afrilu, 1999, wanda girmansa ya haura ninki biyu na Nijeriya, amma mutanensa 36,858 ne a ƙidayar 2021. Garuruwansa 25 ne, kuma babu titin mota da ya haɗa ɗaya da wani.

Asalin Garuruwan

Ba ciniki ba ne ya kafa waɗannan garuruwa, kuma wannan shi ne tushen matsalar tattalin arzikinsu. An fara kafa Resolute ne a shekarar 1947 a matsayin tashar nazarin yanayi ta haɗin gwiwa tsakanin Kanada da Amurka, daga baya kuma rundunar sojan sama ta Kanada ta yi sansani a wurin. A shekarun 1953 da 1955, lokacin da ake tsakiyar zaman doya da manja tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, gwamnatin Kanada ta kwaso iyalai na ƙabilar Inuit, kimanin mutum 90, akasarinsu daga garin Inukjuak na arewacin lardin Kubek, sauran kuma daga Pond Inlet, ta sauke su a tsibiran Cornwallis da Ellesmere. Mutanen Inukjuak an kai su kusan kilomita 2,000 arewa da gidajensu, zuwa ƙasar da rana ke faɗuwa tun wajen ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, ba ta sake fitowa sai cikin Fabrairu.

Gwamnati ta ce ta yi haka ne domin ta kai su inda namun farauta suka fi yawa. Su kuwa waɗanda abin ya shafa sun daɗe suna cewa an yi amfani da su ne don tabbatar da ikon Kanada a kan tsibiran, kuma an saɓa alkawarin da aka yi musu na mayar da su gida bayan shekara biyu. Sunayen da suka raɗa wa wuraren da harshensu sun isa shaida: Resolute suna ce masa Qausuittuq, watau inda gari ba ya wayewa, Grise Fiord kuma Aujuittuq, watau inda ƙanƙara ba ta narkewa. A shekarar 1996 gwamnati ta ware dalar Kanada miliyan 10 a wani asusu domin iyalan, sa'an nan ranar 18 ga Agusta, 2010, ministan da ke kula da al'amuran 'yan asalin ƙasa, John Duncan, ya nemi gafararsu a madadin gwamnati.

Sakamakon wannan tarihi shi ne garuruwa biyu da aka dasa a inda babu kasuwa, babu noma, babu hanya, waɗanda kuma tilas a riƙa kai musu kusan duk abin da ba nama ko kifi ba daga nisan dubban kilomitoci.

Titin Sauka Shi Ke Zaɓen Jirgi

Abu na farko da ke yanke farashin tafiyar shi ne filin jirgin. Titin saukar jirage na Resolute na tsakuwa ne, ba kwalta, amma tsawonsa ya kusa mita 2,000. Na Grise Fiord shi ma tsakuwa ne, sai dai tsawonsa mita 500 ne da 'yan kai, kuma duwatsu masu tsawo sun tsaya a bayansa, ta yadda dole matuƙi ya shigo da lanƙwasa kafin ya daidaita jirgin ya sauka. Jiragen da za su iya wannan aiki kaɗan ne, kuma wanda aka daɗe ana amfani da shi shi ne Twin Otter, ƙirar kamfanin de Havilland na Kanada, wanda ya fara tashi a shekarar 1965, mai inji biyu da kujerun da ba su wuce 19 ba. Kamfanin Kenn Borek Air na birnin Calgary ne ya shafe shekaru yana gudanar da wannan zirga-zirga daga Resolute, galibi sau biyu a mako.

Ko waɗannan kujeru 19 ma a takarda suke. Jirgi yana da iyakar nauyin da zai iya tashi da shi, kuma a cikin wannan nauyi ne ake lissafa fasinjoji da kaya da mai. Tunda babu wani filin jirgi kusa da za a karkata zuwa gare shi, tilas matuƙi ya ɗauki man da zai ishe shi komawa idan hazo ko iska suka hana shi sauka. Kowace lita ta wannan mai tana cin gurbin kilo na fulawa ko madara. Shi ya sa akan cire wasu kujerun a loda kwalaye, a haɗa mutane da kaya a ciki ɗaya.

Abu na biyu shi ne yawan masu biya. Albashin matuƙa biyu da kuɗin gyara da inshora da ajiye jirgi cikin sanyin da kan wuce digiri 30 ƙasa da sifili ba sa raguwa don fasinjoji sun yi kaɗan. Idan aka raba kuɗin tafiya ɗaya tsakanin mutum shida, kason kowane ɗaya zai ninka sau uku a kan abin da zai biya da su 18 ne. Garin da duk jama'arsa ba su cika babban jirgin fasinja ɗaya ba, ba shi da yadda zai samar da cinikin da zai saukar da farashi.

Abu na uku kuwa shi ne dawowa wayam. Duk direban babbar mota ya san cewa idan babu lodin komawa, mai kayan zuwa shi ke biyan kuɗin tafiya biyun. Abin da Grise Fiord ke fitarwa kaɗan ne: sassaƙe-sassaƙen dutse da ɗinke-ɗinken fata da makamantansu. Kasuwar fatun dabbobin teku ta karye tun bayan takunkumin da ƙasashen Turai suka sa a shekarar 1983 da kuma 2009, kuma ko da yake an keɓe mafarautan Inuit daga haramcin, farashin bai farfaɗo ba. Baƙi mafarauta daga Amurka, waɗanda kan biya kuɗi mai tsoka, su ma sun ragu daga shekarar 2008, lokacin da ƙasarsu ta hana shigar da fatar farin beyar na yankin ƙanƙara.

A kan duk wannan ga yanayi. Jirgin da ya tashi ya kasa sauka ya ƙone mai a banza, fasinjojin kuma su koma masauki a Resolute su yi ta jira, wani lokaci har kwanaki. Haɗarin ma ba ƙarami ba ne: ranar 20 ga Agusta, 2011, wani jirgi ƙirar Boeing 737 na kamfanin First Air ya yi karo da tudu yayin da yake ƙoƙarin sauka a Resolute cikin hazo, mutum 12 daga cikin 15 da ke ciki suka rasu.

Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba

Kilomita 380 ɗin nan matakin farko ne kawai na tafiyar mutumin Grise Fiord. Asibiti ɗaya tak da ke Nunavut yana Iqaluit, babban birnin yankin, wanda yake kimanin kilomita 1,500 daga Grise Fiord idan aka miƙe. To, amma matafiyi sai ya fara yin kudu maso yamma zuwa Resolute, sa'an nan ya shiga wani jirgin ya yi kimanin kilomita 1,570 zuwa Iqaluit, watau jimlar kusan kilomita 1,950, ban da tsayawa a hanya da kwanan jiran jirgi. Idan ciwon ya fi ƙarfin asibitin Iqaluit, akwai ƙarin kusan kilomita 2,100 zuwa Otawa. Tikitin zuwa da dawowa tsakanin Otawa da Grise Fiord yakan kai dubban dalolin Kanada, ya ninka na Otawa zuwa Landan sau da dama.

Misalin da ya fi nuna bambancin nisan taswira da nisan tafiya shi ne na garin Qaanaaq da ke arewacin Girinlan, tsibirin da ke ƙarƙashin masarautar Denmak. Mazaunansa su ma Inuit ne, kuma su ma an tashe su daga matsuguninsu a shekarar 1953 domin faɗaɗa sansanin sojan saman Amurka na Thule, wanda aka sake wa suna Pituffik a shekarar 2023. Tsakanin Qaanaaq da Grise Fiord kimanin kilomita 360 ne, watau ya fi Resolute kusa, amma babu jirgin fasinja mai jadawali da ke haɗa su. Ko a lokacin da kamfanin Air Greenland ya sake buɗe zirga-zirgar mako-mako ta watannin ɗumi tsakanin Iqaluit da Nuuk a watan Yunin 2024, mai son zuwa Qaanaaq da tikiti sai ya bi ta Resolute da Iqaluit da Nuuk, sa'an nan ya sake hawowa arewa ta gaɓar Girinlan, tafiyar da ta haura kilomita 4,300, kusan ninki 12 na ainihin nisan. Dalili kuwa shi ne an shimfiɗa hanyoyin jiragen kowace ƙasa ne daga kudu zuwa arewa, daga inda kaya da kuɗi da hukuma suke, ba a tsara su don haɗa maƙwabta ba.

Wa Ke Biyan Giɓin?

Hanya ta farko ta rage tsada ita ce kauce wa jirgin sama inda hali ya yi. Sau ɗaya a shekara, wajen Agusta ko Satumba, lokacin da ƙanƙarar teku ta buɗe, jiragen ruwan dakon kaya kan taso daga lardin Kubek ɗauke da motoci da kayan gini da abincin gwangwani da sauran kayan da ba sa lalacewa. Da yake babu tashar da babban jirgi zai jingina, a kan kwale-kwalen dako ake sauke kayan zuwa gaɓa. Man fetur da dizal da man jirgi kuwa gwamnatin Nunavut ce ke sayensu gaba ɗaya, a kawo su cikin tankar ruwa a zuba a manyan tankuna, domin da dizal ake samar da wutar lantarki a dukkan garuruwan yankin.

Ga mai kanti, ma'anar wannan ita ce sai ya yi odar kayan shekara guda tun watanni kafin jirgin ruwa ya taso, ya biya kuɗinsu, ya kuma tanadi sito mai ɗumi da zai ajiye su. Jarinsa yana kwance wata da watanni. Idan ya yi odar da ta wuce kima, kaya su tsufa a hannunsa; idan ya gaza, sai ya cike da jirgin sama a kan farashin da ya ninka. Irin wannan kasada ta fi ƙarfin ɗan tireda guda, shi ya sa kantunan garuruwan biyu na ƙungiyoyin gama kai ne mallakar mazauna, waɗanda ke ƙarƙashin babbar ƙungiyar Arctic Co-operatives Limited mai hedkwata a Winnipeg, wadda ke haɗa odarsu wuri ɗaya don samun sauƙi.

Hanya ta biyu ita ce tallafin gwamnati. Ranar 1 ga Afrilu, 2011, gwamnatin tarayya ta fara shirin Nutrition North Canada, wanda ya maye gurbin tsohon tsarin aika abinci ta gidan waya. A ƙarƙashinsa ana biyan masu kantuna da dillalai wani adadi a kan kowane kilo na abinci mai gina jiki da aka kai ta sama, kuma adadin yana ƙaruwa gwargwadon wuyar isa garin, ta yadda Grise Fiord ke cikin masu samun kaso mafi girma. Sai dai a shekarar 2014 babban mai binciken kuɗi na Kanada ya bayar da rahoton cewa ma'aikatar da ke kula da shirin ba ta tabbatar da cewa rangwamen yana isa ga masu saye gaba ɗayansa ba, abin da ya sa aka ƙara tsaurara sharuɗɗan bayyana riba. Bugu da ƙari, kaso mai yawa na kujerun jiragen yankin gwamnati ce ke sayensu, domin majiyyata da ma'aikatanta, kuma wannan ciniki shi ne ginshiƙin da kamfanonin ke jingina da shi.

Akwai kuma abokan ciniki na gefe waɗanda ke taimakawa wajen ɗaukar nauyin filin jirgin Resolute. Shirin gwamnati na tallafa wa masu binciken kimiyya a yankin ƙanƙara yana da babban sansani a garin, rundunar sojan Kanada ta buɗe cibiyar horo a can a shekarar 2013, kuma daga nan ne masu yawon buɗe ido ke ɗaukar shatar jirage zuwa arewacin Ellesmere. A da akwai ma'adinai: mahaƙar Polaris da ke tsibirin Little Cornwallis da ta Nanisivik da ke arewacin tsibirin Baffin, waɗanda ke fitar da tutiya da dalma, sun kasance suna cika manyan jirage da ma'aikata da kaya. Da aka rufe su duka biyun a shekarar 2002, sai wannan ciniki ya tafi, nauyin ya koma kan 'yan tsirarun mazauna da gwamnati.

Kasuwar Da Ba Ta Ɗaukar Biyu

Ƙarancin fasinjoji ya sa gasa ba ta daɗewa a wannan yanki. A shekarar 2019 manyan kamfanonin jiragen arewa biyu, First Air da Canadian North, suka haɗe suka zama ɗaya da sunan Canadian North, duk da gargaɗin da hukumar kula da gasar kasuwanci ta Kanada ta yi cewa hakan zai iya jawo tsadar tikiti da raguwar zirga-zirga. Gwamnati ta amince ne bisa sharuɗɗan da suka taƙaita ƙarin farashi da rage jirage. A watan Afrilun 2023, bayan asarar da annobar korona ta jawo, an sassauta sharuɗɗan, aka ba kamfanin damar ƙara farashi har zuwa kashi 25 cikin 100 a shekara, tare da ƙayyade ribarsa da kuma wajabta masa kai jirgi aƙalla sau ɗaya a mako ga kowane garin da yake zuwa. A wannan shekarar ce kuma kamfanin ya ajiye tsofaffin jiragensa ƙirar Boeing 737-200, waɗanda aka yi wa gyara na musamman don sauka a kan tsakuwa, aikin Resolute ya rage a hannun jirage masu farfela ƙirar ATR 42. A shekarar 2025 ƙungiyoyin Inuit da suka mallaki kamfanin suka sayar da shi ga Exchange Income Corporation na Winnipeg, wanda dama yake da wasu kamfanonin jiragen arewa.

Masu nazarin tattalin arziki suna kiran irin wannan kasuwa wadda bisa ɗabi'arta ba ta ɗaukar fiye da mai sayarwa ɗaya, kamar ruwan famfo ko layin dogo. A irinta, mai saye ba shi da wurin gudu idan farashi ya tashi, mai sayarwa kuma ba shi da yadda zai yi ya rayu idan aka danne farashin ƙasa da abin da yake kashewa, don haka hukuma ce ke tsayawa tsakani da doka da kuma aljihunta.

Abin da zai iya sauya lissafin shi ne gine-gine na dindindin. An buɗe sabon ginin filin jirgin Iqaluit a shekarar 2017 da tashar manyan jiragen ruwa a can a 2023, kuma a yarjejeniyar da gwamnatin tarayya ta ƙulla da ƙungiyar Inuit ta yankin a shekarar 2019 dangane da kare tekun Tallurutiup Imanga, an yi alkawarin gina ƙananan tashoshin ruwa a Resolute da Grise Fiord. Waɗannan za su sauƙaƙa sauke kaya da fita kamun kifi a 'yan makonnin da teku ke buɗe. A sauran watannin shekara kuwa, muddin titin saukar Grise Fiord yana nan a tsawon mita 500 tsakanin dutse da teku, kowane kwalin madara da kowane majiyyaci zai ci gaba da bin wannan hanya ta kilomita 380 a cikin Twin Otter, kuma baitulmalin Kanada, wadda ta kai mutanen can tun 1953, zai ci gaba da biyan kaso mai yawa na kuɗin.